Daga akwatin sekurist zuwa lamba 18: tarihin masu ɗaukar mu ranar da muka faɗi

 

Waɗanda suka bi shirinmu na lafiya na makon jiya sun ji baƙin da muka tara. Mutum shida ne: sojan pompiye guda, direban ambilans na wata gunduma, majo na wani CSI na karkara, wata ma'aikaciyar jinya ta sashen urjans, wata matashiya ƴar agajin Croix-Rouge, da wani ɗan kabu-kabu mai tsayawa bakin babbar hanya. Abin da ba ku ji ba shi ne abin da ya faru kafin mu shiga iska. Majo ya faɗi sunansa da garin da yake aiki, sai ma'aikaciyar urjans ta ɗago kai ta ce: "Majo, ashe kai ne! Wallahi ko cikin duhu na san rubutunka." Shekara da shekaru tana karɓar marasa lafiyar da yake turowa da takardarsa a hannun dangi, amma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba ta da lambar wayarsa. Shi kuma ba ya jin ƙarshen labarin waɗanda ya turo, sai dai ya ga dangi sun dawo gida da mai rai ko da gawa.

Ana cikin shirin wani dattijo ya kira daga wani ƙauye na wajen Tasawa. Ya ce: "Ɗana, kun tara masu ceto kun mance da mu. Ni sekurist ne tun zamanin Kunce, akwatina shina nan ƙarƙashin gado. Mu da majonmu kwano guda muke cin tuwo in ya zo rangadi." Maganar dattijon nan ce ta sa muka koma muka tono tarihi. Su wa ke ɗaukar mu ranar da muka faɗi? Daga ina aikin nasu ya samo asali? Kuma yaya aka yi yau suke miƙa wa juna ran mutum ba tare da sun san juna ba?

Kafin mota, kafin waya

Ceto bai fara da zuwan ambilans ba. A ƙauyukanmu na da, kowace masifa tana da ƙofar da ake bugawa. In mutum ya faɗo daga kan raƙumi ko daga itace ya karye, an san gidan maɗori. In naƙuda ta zo tsakar dare, an san ɗakin ungozoma. In yaro ya faɗa rijiya, masu ginar rijiya ake kira, su da suka saba da igiya da zurfi. In Gulbi ya ciko ya ja mutum, masunta da gwanayen iyo ne ke faɗawa. In kuma gobara ce, kururuwa guda ta isa: mata su fito da tuluna, maza su watsa ƙasa, a yaye dannin da ke kusa don kada wuta ta tsallaka.

Ba mu ce zamanin ya fi yanzu ba. Mata da yawa sun tafi da zubar jini, jarirai da yawa tetanos ya ɗauke su saboda wuƙar yanke cibi maras tsabta, sanƙarau da ƙyanda suna shiga gari su yi shara. Ilimi da kayan aiki sun yi ƙaranci ƙwarai. Amma akwai abu guda da mutanen nan suke da shi: ba a ɓata lokaci wajen tambayar wa za a kira. Kowa ya san kowa, har da sunan uwarsa.

Abin da ya zo mana daga ƙetare

Kalmomin da muke faɗa kullum, ambilans, pompiye, SAMU, Croix-Rouge, kowace da tarihinta, kuma kusan duk a cikin wuta ko yaƙi aka haife su.

A shekarun 1790 wani likitan sojan Faransa, Dominique Larrey, ya ga ana barin masu rauni kwance a fagen fama sai an gama yaƙi, kafin nan da yawa sun cika. Sai ya ƙirƙiro kekunan doki marasa nauyi masu shiga su kwaso su tun ana ɓarin wuta. Ya kuma kafa ƙa'idar da har yau ake bi a urjans: wanda rauninsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa, ko da ƙaramin soja ne, ko da janar na jira. Duk wanda ya taɓa yin fushi don an wuce da wani gabansa alhali ya riga shi zuwa, to ga asalin abin.

A 1810 wuta ta tashi a wani bikin rawa a ofishin jakadancin Ostiriya da ke Paris, ta ci rayuka. Shekara guda bayan haka, a 1811, Napoleyon ya mai da masu kashe gobarar Paris rundunar soja. Wannan tsari ne muka gada, shi ya sa namu pompiye sojoji ne, kuma aikinsu bai tsaya ga wuta ba: hatsarin mota, ambaliya, rijiya, gini da ya rufta, duk nasu ne.

Ranar 24 ga Yunin 1859 aka yi yaƙin Solferino a arewacin Italiya. Wani ɗan kasuwa na Janeba, Henry Dunant, ya iso ya tarar da dubban masu rauni ba mai ba su ko ruwa. Ba likita ba ne. Matan wani gari da ke kusa, Kastiliyone, su ya tara suka yi ta jinya ba tare da tambayar wane ɓangare mutum ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka kafa kwamitin Croix-Rouge a 1863. Tamu ta Nijar an kafa ta a 1963, shekara 100 cif bayan uwar.

SAMU ita ce auta. A 1968 Farfesa Louis Lareng ya kafa ta farko a birnin Tuluz na Faransa, bisa tunanin cewa maimakon a jira maras lafiya ya iso asibiti, likita ne zai fita ya tarye shi a hanya. Lambobin ma daga can muka ɗauko su: 18 pompiye, 17 ƴan sanda, 15 SAMU.

Duk waɗannan an tsara su ne don birane masu kwalta da waya. A 1960, lokacin da muka samu ƴancin kai, mafi yawan jama'armu suna ƙauye, likitoci ƴan ƙasa ana ƙirga su da yatsu, ɗakunan shan magani kuma tafiyar wuni guda ce ko fiye a kan jaki. Dole aka nemi wata dabara, kuma a nan gida aka same ta.

Lokacin da duniya ta zo koyo a Maraɗi

Matasa da yawa ba su san wannan ba. A cikin shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, ma'aikatan lafiya da masu wayar da kan manoma sun fara wani gwaji a jahar Maraɗi. Suna zuwa ƙauye su zauna da mai gari da jama'a, su ce: ku zaɓi mutum daga cikinku, mai gona a nan, mai iyali a nan, wanda ba zai tafi ya bar ku ba. Sai a kai shi gidan likita mafi kusa a koya masa aiki na ƴan kwanaki: wanke ciwo da ɗaure shi, gane zazzaɓin cizon sauro, ɗiga maganin ido, tsabtar rijiya, da abin da ya fi kome, wato gane ciwon da ya fi ƙarfinsa don ya tura mutum gaba da wuri. A ba shi akwati mai nibakin da asfirin da jan magani da bandeji. Shi ne sekurist.

Ungozomomi ma ba a ture su gefe ba. An kira su aka ƙara musu sani: wanke hannu da sabulu, yanke cibi da sabuwar reza, gane naƙudar da ta daɗe fiye da kima. Su ne aka riƙa kira matron. Ba sekurist ba matron, babu mai albashi. Gari ne ke saka musu da taimakon noma ko ɗan hatsi, kuɗin ƙwayar da aka sayar kuma da su ake sake cika akwati.

Abin ya yi suna har ƙetare. A 1975 hukumar lafiya ta duniya OMS ta wallafa wani littafi kan ƙasashen da jama'a da kansu suke riƙe da lafiyarsu, kuma babi guda sukutum a kan jahar Maraɗi yake, kusa da na Sin da Kuba da Tanzaniya. Shekara uku bayan haka, a 1978, babban taron Alma-Ata ya mai da wannan hanya manufar duniya baki ɗaya.

To mene ne sirrin? Ba akwatin ba ne, abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Sirrin shi ne abin da dattijon Tasawa ya faɗa: majo yana zuwa rangadi. Ya duba littafin sekurist, ya gyara masa kuskure, ya cika akwati, ya ci tuwon gidansa. Saboda haka ranar da sekurist ya ɗoro mai naƙuda a amalanke ya iso da ita tsakar dare, ba baƙo ne ya buga ƙofa ba. Majo ya san in wannan mutum ya ce abu ya ɓaci, to ya ɓaci.

Yadda igiyar ta tsinke, da yadda aka riƙa ƙulla ta

A shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, aljihun gomnati ya yi sanyi, ga fari na 1984. Abu na farko da aka rasa shi ne man babur ɗin rangadi. Majo ya daina zuwa, akwatuna suka bushe, wasu sekurist suka koma gona, wasu suka zama masu tallar ƙwaya ba mai duba su. Ba wata doka da ta soke su. Zumunta ce a ƙafa take, ƙafar kuma ta daina zuwa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsadar magani, aka shiga zamanin biya kafin a duba ka.

Daga baya an yi ta ƙoƙarin ƙulla abin da ya tsinke. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada haɗa CSI na karkara da asibitin gundumar Walam ta hanyar rediyon oba-oba mai aiki da hasken rana, majo ya yi kira ambilans ta taso. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tandja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani, kaz da sante, a ƙauyuka masu yawa. A 2005 aka mai da tiyatar ciro jariri kyauta, a 2006 aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. A gundumomi da dama an ɓullo da dabarar ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, a tara su don sayen man ambilans, kada a tsaya cinikin gazuwal da miji alhali matarsa na zubar da jini.

Yunwar 2005 ma, duk da ɗacinta, ta bar mana mutane. Cibiyoyin da ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu suka buɗe a Maraɗi da Damagaram sun horar da ɗimbin matasanmu, masu jinya, direbobi, masu gwajin yara, da yawansu yau su ne ƙashin bayan asibitocinmu. A Mirya kuma ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA sun koya wa uwaye auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai kala uku: in ya nuna ja, a ruga likita. Ku duba da kyau, tunanin sekurist ne ya dawo da sabuwar riga. Wanda ya fi kusa da mai ciwo shi ne farkon mai ceto.

Ranakun da suka gwada mu

Daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Jama'a suka taru ɗibar esans, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti.

Mu mutanen Maraɗi ba za mu mance da Nuwamban 2021 ba. Ranar Lahadi 7 ga wata ramukan haƙar zinariya suka rufta a yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu. Washegari Litinin, ba a gama zaman makoki ba, wuta ta kama azuzuwan zana na wata lakwal a cikin birnin Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. Masifa biyu cikin kwana biyu, a jaha guda.

Sai daminar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi mutum fiye da miliyan guda, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba.

A duk waɗannan ranaku, wa ya fara isa wurin? Maƙwabta, ƴan kabu-kabu, masu shago, abokan aikin waɗanda abin ya rutsa da su. Bayansu pompiye da ƴan Croix-Rouge da jandarma, sannan ma'aikatan urjans da aka taso daga gida. Sarƙa ce mai zobe da yawa, kuma irin wannan rana ba ranar gabatar da kai ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da suka faɗa wa juna a gabanmu

Da muka ba baƙinmu dama su yi wa juna magana, sai ga gaskiya tana fitowa.

Ɗan kabu-kabu ya ce wa pompiye: "Yallaɓai, kullum mu ke riga ku zuwa." Sojan ya ce: "Gaskiya ne, kuma shi ne abin da ke hana ni barci. Mutum ya bugu a wuya ko a baya, ku naɗe shi tsakanin mutum biyu a kan babur. Hatsarin bai gurgunta shi ba, ɗaukar ce ta gurgunta shi." Ɗan kabu-kabun ya yi shiru, sannan ya ce: "To wa ya taɓa koya mana? Kuma in mun kai mutum, mu ake riƙewa ana yi wa tambayoyi kamar mu muka buge shi." Ƴar Croix-Rouge ta ce a ba ta wuni biyu da su, za ta koya musu abin da zai wadatar: danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kwantar da wanda ya suma yana numfashi a kan gefensa, kada a ɗura masa ruwa, kada a ja wanda ya bugu a wuya sai in wuta ko mota na shirin cim masa.

Pompiye ya kawo nasa kuka: masu kiran 18 don wasa, masu kira su ce "hatsari a kan kwalta" su kashe waya, da cincirindon masu ɗaukar hoto da ke toshe hanya. Ya ce abu uku yake roƙo: a faɗi wurin da alamar da kowa ya sani, a faɗi abin da ya faru da yawan mutanen da ke kwance, kuma kada a kashe waya sai shi ya ce a kashe.

Direban ambilans ya ce shi kaɗai yake tafiya wani lokaci, mai naƙuda a baya da uwarta, rairayi har gindin mota, babu wanda ya taɓa nuna masa abin da zai yi in ta fara jijjiga. Ya ce in ya iso asibiti ma ba a tambayarsa abin da ya gani a hanya, ai direba ne kawai.

Ma'aikaciyar urjans ta ce in da majo zai kira ta kafin mota ta taso, da ta shirya gado, ta nemi jini, ta taso da likitan tiyata. Majo ya ce in da za ta riƙa gaya masa abin da aka tarar, da ya san inda ya yi daidai da inda ya yi jinkiri. Nan take suka karɓi lambar juna. Abin da aka yi shekaru ba a yi ba, bai ɗauki minti guda ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu raina buƙatar kayan aiki ba. Muna bukatar ƙarin ambilans, ƙarin barikin pompiye a manyan garuruwan da ke kan hanyar Yamai zuwa Damagaram, da ma'ajiyar jini da ba ta ƙarewa. Wannan nauyin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma tarihin da muka bi ya nuna mana cewa lokacin da aka fi yaba mana ba lokacin da muka fi kuɗi ba ne. Lokaci ne da majo ya san sekurist, sekurist ya san matron, gari ya san su duka.

Saboda haka muna kira ga magadan gari da hakimai da shugabannin gundumomin lafiya: ko sau biyu a shekara, a tara masu wannan aiki a inuwa guda. Pompiye, ƴan Croix-Rouge, ƴan agajin masallatai, direbobin ambilans, majo-majo, matron, wakilan ƴan kabu-kabu da na tasha, da jandarma. A sha shayi, a ga fuskar juna, a yi musayar lamba, a faɗi inda ake taka wa juna ƙafa. A kuma fayyace a gaban kowa cewa wanda ya kawo mai rauni ba mai laifi ba ne.

Mu kuma talakawa, kowa ya tambayi kansa yau da dare: in wani ya faɗi a ƙofar gidana yanzu, wa zan kira? Ina da lambar majon unguwarmu? Na san direban ambilans ɗin gundumarmu? Akwai wanda ya koyi taimakon farko a layinmu? In amsar babu ce, gobe da safe a nema. Matasa masu ƙarfi, ku je reshen Croix-Rouge na garinku ku tambayi lokacin horo, ku kuma ba da jini tun ba a kira ku don ɗan'uwanku ba.

Baba na wajen Tasawa, mun ji kukanka, kuma ka yi gaskiya, mun mance da ku. In Allah ya yarda za mu zo har ƙauyen mu ga akwatin, mu ɗauki muryarka, matasan da ke sanye da jar riga yau su ji daga bakin wanda ya riga su. Duk wanda ya san wani tsohon sekurist ko tsohuwar matron da ke raye a garinsu, ya sanar da mu a shiri mai zuwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Ɗan Isa da Maraɗi da Yamai da sauran wurare, ya saka wa masu kwana a farke dominmu da alheri, ya kiyaye mu da mummunar ƙaddara. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.